Daga Gidan Ɗan Hausa Zuwa Dabos: Yadda Mutanen Tsauni Ke Karanta Ƙanƙara

A wannan wata za mu tashi ne daga nan gida Kano, unguwar Nasarawa GRA, mu nufi wata ƙasa mai nisa inda dusar ƙanƙara kan zuba har ta binne gida da mutanen cikinsa. Na san wata za ta ce, me ya haɗa kifi da kaska? To ki biyo ni a hankali, domin abin da na gano a can ya shafi 'ya'yanmu da ke karatu a ƙasashen sanyi, ya kuma shafi bangon ɗakin da muke kwana a cikinsa da damina.

Duk wadda ta san Kano ta san Nasarawa da faffaɗan titunanta, da inuwar darbejiya, da dogayen katangu, ga Gidan Gwamnati, ga gidan Sarki na Nasarawa. A cikin wannan unguwa akwai wani tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango da zane irin na gargajiya, wanda ake kira Gidan Ɗan Hausa. Ya haura shekara 100, kuma yanzu gidan tarihi ne a ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Baturen da ya zauna a cikinsa sunansa Hanns Vischer, jin Hausarsa ne ya sa aka yi masa laƙabi da Ɗan Hausa. Ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Borno a 1906, sannan ya buɗe makarantar boko a nan Nasarawa a 1909. Mutane da yawa sun ɗauka haifaffen Ingila ne, alhali an haife shi ne a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876. To ƙasar haihuwar wannan Bature ita ce muka ziyarta.

Hanyar Dabos

Ɗanmu na fari yana karatu a birnin Zurik. Da sanyi ya shigo sai ya fara aiko mana da hotuna, shi da abokansa a kan tsauni, kowa ya ɗaura dogayen katakai a ƙafa suna zamiya a kan dusar ƙanƙara. Wata rana ya ce sun fara fita wajen filin da hukuma ta shata wa masu wasan, suna hawa tsaunin da babu kowa domin su sami dusar da ba a taka ba. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba, domin na sha jin labarin zaftarewar dusar ƙanƙara a rediyo. Da Allah ya nufe mu da kai masa ziyara ni da maigidana a watan Fabrairu, sai na ce gani ya kori ji, a kai ni in ga wurin da idona.

Daga Zurik muka hau jirgin ƙasa zuwa wani gari mai suna Landquart, a nan muka sauya zuwa wani ɗan jan jirgi mai siririn dogo wanda yake hawa tsauni yana lanƙwasa kamar maciji. Tafiyar duka ba ta kai awa uku ba. A hanya muka wuce garin Klosters, inda a watan Maris na 1988 dusar ƙanƙara ta zaftare wa ayarin Yarima Charles, wanda shi ne Sarkin Ingila a yanzu. Shi ya tsira, amma abokinsa Manjo Hugh Lindsay ya rasu a wurin. Ashe abin bai san ɗan sarki ba.

Dabos gari ne da ke kwance a cikin kwari mai tsawo, a tudun da ya kai mita 1,560 daga gaɓar teku, wato ya ninka tudun Kano sau uku. A da can masu tarin fuka ake kaiwa su sha iska, yanzu kuma an fi saninsa da taron tattalin arzikin duniya. Amma abin da ya kai ni shi ne, a wannan gari ne cibiyar binciken dusar ƙanƙara da zaftarewarta take, wadda ake kira SLF. Tun 1936 masana suke auna dusa a wani wuri da ake kira Weissfluhjoch, can sama da garin, a tudun da ya haura mita 2,500. Ana hawa wurin ne da wani jirgi da ake ja da igiyar ƙarfe a kan dogo.

Abin da ke ƙarƙashin farin mayafi

Maigidana ya ɗauko mana hayar jagora, wani dattijo da aikinsa ke nan, raka mutane tsauni. Ni dai ban hau katakon zamiya ba. Wasu faffaɗan takalma masu kama da faifai aka ɗaura mini domin kada ƙafa ta nutse, na ɗora rigar sanyi uku a ƙarƙashin hijabi, muka taka zuwa wani ɗan gangare marar haɗari.

Uwargida, idan kika ga tsaunin nan da safe rana ta haska shi, sai ki rantse babu wuri mai lafiya irinsa. Fari fat, sumul kamar an shimfiɗa sabon zanen gado. Jagoran bai ko tsaya kallon saman ba. Shebur ya ciro daga jaka ya haƙa rami har ya kai ƙirjinsa, ya daidaita bangon ramin, sannan ya ce mu matso. Sai ga shi dusar hawa-hawa take, kamar an jera katifu. Kowane zubi da aka yi tun farkon sanyi ya bar shimfiɗarsa. Ya riƙa danna kowace shimfiɗa: wata dunƙulen hannu yana shiga, wata sai yatsa ɗaya, wata kuwa sai da tsinin fensir. Can wajen tsakiya ya nuna mana wata siririyar shimfiɗa da ba ta kai kaurin yatsa biyu ba. Ya ɗebo ya zuba mini a tafin safar hannu, sai na ga ƙwayoyi ne warwatse kamar sikari, ko ka dunƙule su ba sa haɗuwa. Ya ce wannan ita ce mai kisa.

Ga yadda abin yake. Ƙasan tsauni yana riƙe ɗan ɗumi, iskar sama kuwa tana da tsananin sanyi. Wannan bambanci yana sa laima ta riƙa tasowa ta cikin dusar, tana mai da ƙwayoyinta masu kusurwa waɗanda ba sa manne wa juna. Wani lokaci kuma a daren da sama ta yi garau, raɓa ce take daskarewa a saman dusar ta zama kamar gashin tsuntsu, sai sabon zubi ya zo ya rufe ta. Daga nan iska ta kwaso wata dusar daga wancan gefen tsauni ta daddanne ta a kai, kamar yadda iskar hunturu kan tara rairayi a gindin katanga, har ta zama falle guda mai tauri da nauyi.

Ki ɗauki misali a kicin ɗinki. Ki baza gero a kan tire, ki ɗora faranti a kan geron, sannan ki ɗan karkata tiren. Farantin zai iya zama daram, amma da kin taɓa shi da yatsa sai ya sulale. To haka fallen dusa yake a kan wannan shimfiɗa mai kama da sikari. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya ta, tsagar ta ruga cikin ƙiftawar ido, fallen da ya kai faɗin filin ƙwallo ya taho gaba ɗaya da gudun da ya fi kilomita 100 a awa.

Domin ya gwada ƙarfin wurin, jagoran ya yanke wani ginshiƙin dusa mai faɗin santimita 30 ta kowane gefe, ya ɗora bakin shebur a kansa. Ya buga sau 10 da motsin wuyan hannu kawai, sannan sau 10 daga gwiwar hannu, da niyyar ƙara 10 daga kafaɗa. Bai kai ga na kafaɗa ba ginshiƙin ya rabu daidai kan wannan shimfiɗa, saman ya zame sumul kamar an jawo aljihun tebur. Ya juya ya kalli ɗana ya ce, a yau ko nawa za a biya shi ba zai hau gangare mai tsayi da ke fuskantar wannan ɓangare ba. Ya ƙara da cewa rami ɗaya yana iya gaya maka kada ka je, amma rami ɗaya bai isa ya ba ka izinin tafiya ba, domin taku kaɗan gaba abin yana iya sauyawa.

Alamomin da ba a yi musu gardama

Jagoran ya lissafa mana abubuwan da mai hankali yake dubawa. Na farko karkatar gangaren, domin yawancin zaftarewa tana faruwa ne a gangaren da ya karkata digiri 30 zuwa 45, kuma wannan shi ne daidai wanda masu zamiya suka fi jin daɗinsa. Na biyu sabon zubi mai yawa, musamman idan ya zo da iska, domin kwana ɗaya zuwa uku bayansa su ne mafi haɗari. Na uku ganin inda dusa ta zaftare kwanan nan a gangare makamancin wanda kake son hawa. Na huɗu jin wata ƙara, wuf, a ƙarƙashin ƙafa, alamar raunanniyar shimfiɗar nan ta rufta, ko ganin tsaga tana gudu daga bakin katakonka. Na biyar ɗumi na gaggawa ko ruwan sama, wanda kan jiƙa dusar ta yi nauyi ta saki. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, sai ya sauya hanya ko ya koma gida.

Kafin ma a fita daga gida akwai sanarwar haɗari. Cibiyar SLF ce take fitar da ita tun 1945, kuma a tsakiyar sanyi sau biyu take fita a rana, ƙarfe 5 na yamma da ƙarfe 8 na safe. Tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni guda mai mataki biyar, daga 1 mai ƙarancin haɗari zuwa 5 mai tsananinsa. Wani abin mamaki shi ne, kusan rabin waɗanda ke mutuwa a Suwizalan a mataki na 3 suke mutuwa. A mataki na 4 da na 5 kowa yana jin tsoro ya zauna a gida. A na 3 kuwa sai mutum ya ga ai tsaka-tsaki ne, ga rana ta fito, ga abokai suna jira. Mutum 20 da 'yan kai ne dusa take kashewa a ƙasar a kowace shekara idan aka yi ƙiyasi, kuma kusan tara cikin goma, su da kansu ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da ita.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa, to lokaci ne jari. Dusar da ta zaftare tana tsayawa ne ta ƙame kamar siminti, wanda ta binne ko yatsa ba ya iya motsawa. Idan aka tono shi cikin minti 10 zuwa 15, tara cikin goma suna rayuwa. Idan aka kai rabin awa, kusan uku ne kawai cikin goma, saboda numfashi ya ƙare. Jirgin ceto mai saukar ungulu ba kasafai yake isowa cikin wannan ɗan lokaci ba, don haka abokan tafiya su ne masu ceto. Shi ya sa kowa yake ɗaukar abu uku: wata 'yar na'ura da ake ratayawa a jiki mai aika sigina da karɓarta, da doguwar sanda mai naɗewa ta soka dusa a laluba, da shebur. Kuma ba a tsallaka gangare mai haɗari a dunƙule. Ɗaya bayan ɗaya ake bi, saura suna tsaye a wuri mai aminci suna kallonsa.

A nan na tambayi ɗana ko yana da waɗannan kaya. Ya ce, "Umma, ina da su, amma sau ɗaya na taɓa gwada na'urar." Kafin mu sauko maigidana ya sa shi ya yi rajistar kwas na kwana biyu. Ban hana shi wasansa ba, domin yaron da ke wata uwa duniya ba a tsare shi da hani ta waya. Sharaɗi uku muka yi: ba fita sai ya karanta sanarwa, ba fita sai da kaya da wanda ya san hanya, kuma duk ranar da ɗaya daga cikinsu ya ce a koma, to a koma ba musu.

Garin da ya koyi darasi

Mutanen nan ba a rana ɗaya suka iya wannan ba, da gawarwaki suka saya. A ƙauyen Frauenkirch da ke gefen Dabos akwai wata majami'a da dusa ta rushe a 1602. Da suka sake gina ta sai suka yi wa bangon da ke fuskantar tsauni tsini kamar goshin kwalekwale, domin ya raba dusar biyu ta wuce ta gefe. A garin Andermatt tun 1397 aka rubuta dokar hana sare itatuwan dajin da ke saman garin, saboda itatuwan ne ke riƙe dusar. A sanyin 1951 mutum 98 suka mutu a Suwizalan, 265 a faɗin tsaunukan Alps. Bayan wannan ne aka duƙufa kafa shingayen ƙarfe a saman tsaunuka, waɗanda za ki hango su jere kamar kunyoyin gona, aka kuma zana taswirar wuraren da aka hana gina gida. A Fabrairun 1999 an sake yin zubi mai tsanani irin wancan. A garin Galtür na ƙasar Ostiriya mutum 31 suka rasu, a Suwizalan kuwa 17. A 2018 hukumar UNESCO ta sanya wannan ilimi na ƙasashen biyu cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Kada ki ɗauka sai mai wasan zamiya abin yake samu. A lardin Van na ƙasar Turkiyya, ranar 4 ga Fabrairu 2020, dusa ta binne wata ƙaramar bas a kan hanya. Washegari masu ceto suna cikin tono sai ta biyu ta zaftaro musu, jimillar waɗanda suka rasu ta haura 40. Allah ya jiƙan Musulmi. Don haka idan kina da ɗa ko 'ya a Turkiyya, ko Kanada, ko Rasha, ki gaya masa idan hukuma ta rufe hanyar tsauni kada ya nemi ɓarauniyar hanya, kuma wurin da ya zaftare sau ɗaya yana iya sakewa.

Namu tsaunin shi ne bango

Mu a nan dusa ba ta zuba, amma kowace damina, musamman a watan Agusta, sai mun ji gini ya faɗa wa mutane suna barci, ko gaɓar kududdufi ta rufta da yara, ko rami ya danne masu haƙar ƙasa. Idan kika duba, hanyar ɗaya ce da ta tsauni: sama lafiya lau, ciki ya lalace. Ginin ƙasa yana daɗewa idan ana kula da shi, shaida kuwa ga Gidan Ɗan Hausa nan tsaye. Magabata suna sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka, suna shafa makuba, suna gyara indararo. Mu kuwa sai mu yaɓa siminti a kan bangon ƙasa mu shafa fenti, laima ta shiga ta baya ta rasa hanyar fita, tubali ya jiƙe ya zama gari, simintin yana nan sumul yana ruɗin ido. Ko a gidajen GRA ba a tsira ba, domin sau da yawa ana ƙara wa tsohuwar katanga tsayi ba tare da an duba tushenta ba, ga lambatu ya toshe ruwa yana kwana a gindinta, ga saiwar bishiya tana tura ta, kuma a inuwarta yara ke wasa, a jikinta maigadi ke shimfiɗa tabarma.

To uwargida, ke ce mai zaman gida, ke za ki fara gani. Kafin damina ki zaga ki ƙwanƙwasa bango da bayan cokali, inda kika ji ƙarar fanko to yaɓen ya rabu da ginin. Ki duba gindin bango ko yana jiƙe ko yana fitar da farin gishiri. Idan kin ga tsaga ki ja layi da fensir a ƙarshenta ki rubuta kwanan wata, bayan mako ki sake dubawa, idan ta wuce layin to ginin yana motsi. Ki lura da ƙofar da ta fara cijewa haka kawai, da ƙasar da ke zubowa daga rufi, da azarar da gara ta ci, da katangar da ta fara sunkuyawa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ki sanar da maigida a kira magini ko injiniya, kuma idan aka kwana ana ruwa, ki kwashe yara daga ɗakin da kike shakka tun kafin a yi gyara. Gara a cunkushe a falo dare uku a yi ta ƙorafi. Idan kuma, Allah ya kiyaye, gini ya rufta, a fara duba sauran bangon da ke tsaye kafin jama'a su afka ciki, kada a maimaita abin da ya faru a Van.

Ajali idan ya zo babu makawa, amma an hore mu da yin sababi, kuma rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu na gida da na nesa, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah ya kai mu.